Ciwon Cikin Hajiya Roba

Ni ba ɗaliba ba ce. Gara in faɗa tun yanzu, kada wani ya ji na ambaci kwalejin koyon jinya ya ɗauka farar riga na saka. Shuɗiya ce tawa, ta sharikar shara, wato kamfanin masu shara, ga bokiti ga sandar goge ƙasa. Amma na daɗe a makarantar nan fiye da kowace ɗaliba, har da masu maimaita aji.

Kwalejin ƙarama ce, ta gwamnati, a wani gari mai gonakin dabino a kan hanyar Khaibar. In ka taso daga Madina sai ka gaji da kallon baƙin dutse kafin ka hango ta. Ɓangaren mata gini ɗaya ne, da gidan kwanan ɗalibai a bayansa, sai katanga. Bayan katangar akuyoyin wani tsoho ne da suka fi kowa zuwa a kan lokaci. Ni daga Damagaram na zo ƙasar nan. A nan mijina ya rasu. Na yi aikatau a gidaje, na sayar da hijabai a bakin titi, an kora ni na dawo. Daga baya sharika ta ɗauke ni ta kawo ni garin. Wannan ya isa a kaina.

'Yan matan suna kirana Hala, wato gwaggo ko inna a bakinsu. Rabinsu 'yan ƙauyukan kusa ne, rabi kuma bas ke kawo su daga Madina ran Lahadi da safe ya mayar da su ran Alhamis. Karatun jinya, yadda na gan shi daga ƙasa inda nake gogewa, yawancinsa ɓarnar lemo ne. Lemon suke caka wa allura har ya zama kamar rariya, su jefa mini a kwandon shara, ni kuma in bi da tsawa. Suna auna wa juna jini, su naɗe wa juna kai da bandeji su ɗauki hoto. Sunayen ƙasusuwa da Turanci suke rera su kamar waƙar biki, suna tafi, bakinsu cike da waken ful da gurasar tamis. Akwai wadda ta suma ranar da ta fara ganin jini a yatsan ƙawarta. Yanzu an ce ɗakin tiyata take aiki. Lokacin nunar dabino kuwa kowace 'yar ƙauye sai ta zo da leda, ƙwallaye ko'ina, har cikin aljihun farar riga.

A ɗakin gwaji akwai gadaje irin na asibiti, a kan ɗaya kuma akwai mutum-mutumin roba, mace, girman mutum sosai. A kanta suke koyon wanka da juya majinyaci da sa ruwa a jijiya. Ranar da na fara shiga ɗakin na yi mata sallama. Ba ta amsa ba. Na ce to, ciwo ya yi tsanani, na ja mayafi na rufe mata ƙafafu don mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, na busa sanyi kamar ana gayya. Sai da na taɓa yatsunta na gane. Wata ɗaliba ta ganni, kafin azahar duk makaranta ta ji. Tun daga ranar sunanta Hajiya Roba, kuma ni ce 'yar'uwarta. Ban damu ba. A duk ginin ita kaɗai ce ba ta taka mini wuri yana jiƙe.

Cikin 'yan Madina akwai wata doguwa, 'yar unguwar Aziziyya. Kallo ɗaya na yi mata na san tamu ce. Kakanninta suka zo hajji suka zauna, ita a nan aka haife ta, 'yar ƙasa ce da takardunta. Tana jin Hausa tsaf. In na ce mata, "Ke, ɗaga ƙafa," sai ta ɗaga, ta ce mini "Tayyib ya Hala." Ban taɓa jin kalmar Hausa ɗaya a bakinta ba. Na taɓa tambayarta dalili. Da Larabci ta ce in ta yi, kakarta dariya take mata, wai harshenta ya karye kamar na ɗan koyo.

Yarinyar tana da hannu. In ta gyara gado kamar an goge shi da dutsen guga. Matsalarta baki. Akwai jarrabawar da ake sa ɗaliba ta tsaya gaban majinyaci ta yi masa tambayoyi har ta gano abin da ke damunsa, malamai na zaune suna kallo, ƙararrawa na jiran lokaci. A nan take sandarewa. Ta faɗi sau ɗaya. In ta sake faɗuwa sai maimaita shekara, mahaifinta kuma ya riga ya yanke magana: ba zai ƙara barinta wata shekara a kan wannan doguwar hanya ba, ta dawo gida ta zauna. Ba ita ta faɗa mini ba. A banɗaki na ji tana kuka a waya. Mai goge ƙasa kowa na mantawa tana da kunne.

A da ɗalibai ke yi wa juna majinyata a wannan jarrabawa. Sai aka gano suna taimakon juna da ido da gira, wata ma tun ba a tambaye ta ba take zayyana ciwon. Malamar da ke kula da ɗakin gwaji, 'yar Sudan ce, gajera mai faɗa, Daktora muke ce mata, ta ce bana an daina. Za a samo wadda ba ɗaliba ba. Ta leƙa baranda ta ganni.

"Ya Hala, gobe za ki kwanta mana a gado."

Na ce, "Da rana? Lokacin aiki?"

"Lokacin aiki. Na yi magana da shugabarku."

"A ƙarƙashin mukayyif?"

"Ƙwarai."

Na ce na yarda. Ta ci gaba da bayani, wai cikina ke ciwo tun jiya, ya fara daga cibiya ya gangara dama, ina amai, jikina da zafi, ban iya cin abinci ba. Kada in faɗi kome sai an tambaye ni. Ta sa na maimaita, na maimaita mata yadda ta faɗa, "ciki, dama, amai, zafi," kamar mai lissafa kayan miya. Hankalina na kan gadon. Tunda na zo ƙasar nan ban taɓa kwanciya da hantsi ba.

Washegari aka ba ni rigar majinyata na ɗora a kan tawa. An tura gadon Hajiya Roba lungu, an lulluɓe ta. Daga Madina aka turo wata dattijuwar nas ta zama alƙaliya, Balarabiya, da takunkumi a fuska da tabarau a kan hanci. Daktora ta zauna gefenta. Dokar ita ce da zarar an kaɗa ƙararrawa malamar gida ba ta da bakin magana. Masu gyaran faɗuwa su ake fara kira. Don haka 'yar Aziziyya ce ta farko.

Na hau gado. Laushi. Sanyi. Na miƙe ƙafa ina kallon rufi, sai a lokacin maganar ta zauna mini a kai. Wai ni, da bakina, ina lafiya ƙalau, in ce cikina na ciwo. A gidanmu ba a haka. Mahaifiyata takan ce ciwo yana da kunne, in ka kira shi da ƙarya zai amsa da gaske. Ko na gasken ma ba a faɗa. Na haihu ba a ji muryata a tsakar gida ba. Ƙusa ta taɓa shiga mini ƙafa a wani gidan aikatau, na zare ta na ƙarasa wanke-wanke. In an ce ya jiki, amsa ɗaya ce, da sauƙi. Yanzu kuma a ƙasar mutane, ni da ba ni da kowa sai iƙama, takardar izinin zama, da gwiwoyi biyu, in kwanta in gayyato amai da zazzaɓi?

Ƙararrawa ta kaɗa. Yarinyar ta shigo, ta wanke hannu, ta yi sallama. Da Larabci take tambaya.

"Ya Hala, ya jikin?"

Na ce, "Alhamdu lillahi."

"Me ya kawo ki asibiti?"

"Daktora ce ta ce in kwanta."

Na ji Daktora ta ja numfashi ta hanci.

"Ina ne yake miki ciwo?"

"Babu."

"Cikinki fa?"

"Lafiyarsa lau. Na karya da shayi da tamis."

Yarinyar ta dubi takardar hannunta, ta dubi malamai. Alƙaliyar ba ta san abin da ake ciki ba, ta ɗauka da gangan aka shirya majinyaciya mai taurin kai, har gyaɗa kai take tana rubutu. Daktora kuwa ta zaro mini ido tana dafa cikinta ta gefen dama, tana murza shi kamar mai kwaɓa fulawa. Na kawar da kai. Ita ta ga dama ta nuna a jikinta, ruwanta.

"Kin yi amai?"

"Allah ya kiyaye."

Gumi ya tsattsafo wa yarinyar a goshi duk da sanyin ɗakin. Bakinta ya buɗe ya rufe. Na san wannan tsayuwar, ita ce ta kayar da ita wancan karon. Na tuna kukan banɗaki, na tuna bas ɗin Alhamis da zai tafi da ita ba dawowa. Raina bai so ba. Na buɗe baki in ce ciki, wallahi na buɗe, kalmar ta zo maƙogwaro ta tsaya. Abin da aka dasa maka tun kana goye ba ya fita don an ba ka gado mai laushi.

Muka kalli juna. Ban san me ta gani a fuskata ba. Sai ta ajiye takardar a kan gado, ta juya ta nemi izinin alƙaliya ta yi magana da harshen majinyaciya. Aka ɗaga mata hannu. Ta jawo 'yar kujera ta zauna ƙasa da ni, yadda ake zama gaban babba.

"Sannu, Inna."

Da Hausa. Karyayya, kamar yadda kakarta ta ce, amma Hausa.

Na ce, "Yauwa, sannu 'yar nan."

"Ina kwana. Ina gajiya. Ya... ya zafi?"

"Lokacinsa ne."

"Ya mutanen gida? Ya shugul?"

"Aiki ake cewa."

"Ya aiki?"

"Da godiya."

Daktora ta dubi agogo ta dafe kai. Yarinyar ba ta kula ta ba. Ta matso, ta rage murya.

"Inna, ke lafiya lau, na sani. Alhamdu lillahi. Amma... akwai wata? Wata baiwar Allah da ba ta jin daɗi, kin sani?"

Daga baya ta faɗa mini haka suke yi da kakarta. In aka kai tsohuwar asibiti sai ta ce wa likita ƙalau take, a dawo gida da ciwo. Sai an zauna an gaishe ta tukuna, a tambaye ta labarin wata baiwar Allah, sannan a ji inda ke damunta.

Ni dai a lokacin wuyana na juya, idona ya faɗa lungu. Ga wadda ciwo ba zai iya yi wa kome ba tana kwance a lulluɓe.

Na ce, "Akwai. Ga ta can. Tun jiya Hajiya ba ta runtsa ba."

Yarinyar ta waiga. Kafaɗunta suka motsa, ta cije leɓe.

"Me ya same ta, Inna?"

"Ciki."

"Wane wuri? Nuna mini a nan." Ta kai hannu wajen cikina.

Na buge hannun. "Ke! Ba a nuna ciwon wani a jikin mai lafiya. Kakar taki ba ta gaya miki ba?"

"Ta gaya. Na manta."

"Turo ta nan."

Ta tashi ta turo gadon Hajiya Roba, tayoyin na ƙara, har ya haɗu da nawa. Na sauko na gyara ɗankwali na tsaya a kan Hajiya. Nan fa na samu wurina. Majinyaci a wurinmu ba ya magana, mai jinya ke yi, ni kuwa na yi jinyar miji, na yi ta uwar gida, na yi ta maƙwabta. Na yaye mayafin na ɗora yatsa a cibiyarta.

"Daga nan ya fara. Kafin la'asar ya gangaro nan, dama. In kin taɓa sai ta zabura."

"Ta yi amai?"

"Ta yi. Ni na kwashe."

"Da jini?"

Wannan Daktora ba ta gaya mini ba. Na duba fuskar Hajiya. Na ce, "Babu jini. Kada ki ƙara mata."

"Jikinta da zafi?"

"Kamar murfin tukunya."

"Ta ci abinci?"

"Ko ruwa ba ya zama. Ita ma da laifinta. Shekaranjiya ta zauna ta cinye ledar ɗanyen dabino ita kaɗai. Na hana, ba ta ji. Tunda na san ta ba ta taɓa jin magana ba."

Daktora ta rufe fuska da tafin hannu biyu. Yarinyar na juya duk abin da na faɗa zuwa Larabci don alƙaliya, har da dabinon. Na ga takunkumin dattijuwar yana rawa, tabarau na zamewa. Ita kuwa yarinyar bakinta ya kwance gaba ɗaya. Tambaya na bin tambaya, ko tana shan wani magani, ko an taɓa yi mata aiki, ko akwai abin da jikinta ba ya so. Hausa in ta ƙare mata sai ta cike da Larabci, ni ma haka. Ta danna cikin Hajiya a hankali ta saki, na ce "Wash!" a madadinta. Wannan ba laifi, ba nawa ba ne.

Da ta gama ta miƙe ta fuskanci malamai ta yi bayani ba gargada. Abin da na tsinta, wata 'yar hanji ce a dama ake zargin ta kumbura, kada a ba ta ci ko sha, a kira likitan tiyata. Na ce da ita, "A yi mata a hankali, ba ta da kowa sai ni." Ƙararrawa ta kaɗa.

Alƙaliya ta cire tabarau ta goge ido. Ta tambayi yarinyar me ya sa ta ɓata lokaci a gaisuwa. Yarinyar ta ce tsofaffinmu ba sa faɗin ciwo ga wanda bai gaishe su ba, ko an gaishe su ma ba sa cewa nasu ne. Dattijuwar ta mayar da tabarau. Ta ce ta yi shekaru tana karɓar alhazai a asibiti, kullum suna ce mata alhamdu lillahi, ita kuma tana rubuta cewa ba su da ƙorafi. Ta ce a kira ta gaba.

Kafin ta gaban ta shigo Daktora ta ja ni gefe.

"Ya Hala, kin kusa kashe ni. Me muka yi da ke jiya?"

"Kin ce in kwanta. Na kwanta."

"Yanzu za ki ce cikinki na ciwo ko ba za ki ce ba?"

"Ba zan ce ba."

Ta dubi rufi, ta ambaci sunan Allah. Alƙaliya ta ce a bar shi haka, Hajiya ce majinyaciya, ni mai jinya, kowa a yi mata iri ɗaya. Haka na wuni a tsaye. Gadon da aka yi mini alkawari ban ƙara hawansa ba. Kafin la'asar Hajiya ta yi amai ya fi a ƙirga, dabinon da ta ci kuwa ya kai buhu.

Ba a faɗin sakamako ranar. Kwanakin da suka biyo baya yarinyar in ta ganni sai ta sunkuyar da kai, ni ma ban tambaya ba. Ina ta lissafin in ta faɗi, rabin laifin nawa ne, don lokacin da na cinye mata da alhamdu lillahi ba kaɗan ba ne. Na goge barandar ɗakin Daktora har ta fara santsi, ko zan ji wani abu. Ban ji ba.

Ran Alhamis, bas na tsaye a ƙofa yana hon, na gama goge doguwar baranda ke nan, sai na ji gudu. Ita ce, abaya na tashi, takalmi na buga mini sawu a wuri jiƙe tun daga farko har ƙarshe.

"Inna! Na ci! Wallahi na ci!"

Na ce, "Kin ci, shi ne za ki taka mini wuri?"

Ta rungume ni da sandar gogewa a hannuna. Na ce ta sake ni, bas zai tafi. Ta ce ran Lahadi za ta dawo. Na ce to wa ya ce ba za ki dawo ba. Ta wuce da gudu, ta sake taka inda ya rage.

Ran Lahadin ta same ni a ɗakin gwaji ina goge ƙarƙashin gadon Hajiya. Ta ajiye mini kwano, wai kakarta ce ta aiko da dambun nama, kuma ta ce a gaya mini na yi daidai. Ta jawo 'yar kujerar nan ta zauna. Ta gaishe ni, gida da gajiya da aiki, ko ɗaya ba ta tsallake ba. Sannan ta dubi ƙafata ta hagu, wadda nake ja in na hau bene, wadda na ɗauka ba wanda ya lura.

"Inna, ba ke ba. Wata baiwar Allah. Gwiwarta fa?"

Na dubi ƙofa, ba kowa. Na jingine sandar a bango.

Na ce, "Ta daɗe tana fama. Taurin kai ne da ita. Kawo Hajiya in nuna miki wurin."